Ranar da Rediyo Ke Kashe Gwaggo

Duk shekara, ranar tara ga watan Yuni, gidan rediyo yakan kashe Gwaggo da hantsi, alhali tana zaune a shagonta da ranta da lafiyarta tana ware wa mutane maɓalli.

Gwaggo yayar babana ce. Shagonta na zare da zif da maɓalli yana manne da nawa na ɗinki, falanki ɗaya ne ya raba mu, saboda haka duk abin da ya shiga kunnenta sai ya shiga nawa, ina so ko ba na so. Tana da wata tsohuwar rediyo mai karyayyar eriya, wadda ta ɗaure wa murfin batir da igiyar roba. A tsakanin kwalaben maɓalli take ajiye ta, kuma ba mai taɓa mata ita ya kwana lafiya.

Akwai shirin da ake yi kowace safiya a kan abin da ya faru a duniyar kiɗa da wasanni a rana irin ta yau. Mai gabatarwa zai jero su tiryan-tiryan: a rana irin ta yau aka buɗe gidan silima a gari kaza, a rana irin ta yau aka haifi makaɗi wane, a rana irin ta yau wuta ta ɗauke ana tsakiyar gasar rawa har aka ƙarasa da fitilun motoci. In tara ga Yuni ce, sai ya ajiye guda ɗaya don ƙarshe. Ya sauke murya ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa, ya ce a rana irin ta yau ne motar ƙungiyar Mai Jita ta ƙwace a hanya, aka rasa shi, aka rasa mai gangarsa, aka kuma rasa Kanari, zabiyar da har yau ba a sake yin irinta ba, Allah ya jiƙanta. Daga nan sai a saka faifan "Bar Mini Fitila", sai muryar Gwaggo ta cika layinmu tun daga wurin mai facin taya har kan kwana.

Matan da ke tsaye a gaban shagon su ce amin, wata ma har da share ido. Gwaggo kuwa sai ta miƙa hannu ta ce, "Ruwan toka kika ce ko ruwan ƙasa? Ki tsaya wuri ɗaya, 'yar nan."

Ni ban san komai ba sai da na girma, na yi aure, na kama shago a gefenta. A gidanmu ba a zancen. Ranar da na ji labarin ma ni na jawo. An gama sanarwar ke nan na ce amin da ƙarfi ta bayan falanki, har ina ƙarawa da Allah ya kai haske kabarinta. Sai na ji Gwaggo ta ce, "Ke Tela, mayar da haskenki. Kabarin da kike aika wa yana nan zaune yana jin ƙishirwa. Miƙo mini ruwa." Na ɗauka zolayarta ce da ta saba. Da na leƙa na ga fuskarta, sai na cire ƙafa daga keke na jawo kujera.

Tana budurwa ta shiga ƙungiyar Mai Jita, ba da son kakanmu ba. Mai Jita gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani, amma yana da wata ɗabi'a tasa. A ƙungiyarsa suna ba na mutum ba ne, na gurbi ne. Mai ganga sunansa Aradu, ko wane ne ya riƙe sandar. Wadda ke tsayawa a makirfon hagu cikin doguwar riga rawaya sunanta Kanari, ko wace ce a cikin rigar. Allon talla sau ɗaya aka zana shi. In mutum ya yi zuciya ya tafi, sai ya bar riga da suna a rataye, wani ya zo ya saka. Wai hakan ya fi sauƙi, ba sai an riƙa sayen fenti ba.

Gwaggo ce a cikin rigar lokacin da aka ɗauki faifan. Waƙar ta shiga gari kamar wutar daji, har yara na yin ta a hanyar makaranta. Sai Gwaggo ta sami Mai Jita a ɗakin da suke gwaji ta ce tana so a sa sunanta na gaskiya a bayan kwalin faifan, ko da ƙanana ne, ko da a can ƙasa ne inda ake rubuta sunan masu buga kwali. Ya yi dariya har yana dafa jitarsa. Ya ce, "Keji nawa ne. Duk tsuntsun da na sa a ciki Kanari ne."

Wanda ya san Gwaggo ya san abin da zai biyo baya. Ta shiga bayan labule, ta sake kaya, ta fito ta ɗora masa rigar a kan jita. Ta ce, "Ga kejinka. Nemi tsuntsu."

Bai sha wahalar nema ba. Mutumin da ke yi wa ƙungiyar guga yana da 'ya, ita ke kawo kayan a ninke a kan kai, kuma an sha jin ta tana bin amshi ƙasa-ƙasa in ta tsaya jiran a karɓa. Aka rage ƙugun rigar, ta zauna mata daram. Yarinyar nan ba ta iya sakawa ba sai da ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Yaya, don Allah ba ki ji haushina ba?" Gwaggo ta ce haushin me, tashi in nuna miki inda ake jan numfashi. Suka wuni a tsakar gida suna yi. Gwaggo ta ce muryar yarinyar siririya ce mai sanyi, irin wadda in ka ji sai ka rage taka. Ba a taɓa ɗaukarta a faifai ba. Mai Jita ya ce sai sun dawo daga tafiya. Ba su dawo ba.

Jarida ta buga cewa Kanari ta mutu, ta sa zanen da ke kan kwalin faifai, wata mace daga nesa cikin riga rawaya. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. A allon talla Kanari aka rubuta, a motar kuma an ga rigar. Kakanmu ya karanta, ya ninke jaridar ya sa a ƙarƙashin tabarma, ya ce to, Allah ya rufa mana asiri, kada in ji wanda ya tona. Bayan shekara Gwaggo ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya san komai. Abu ɗaya ya roƙe ta, ta bar maganar inda take, don ba ya iya zama cikin surutun mutane. Tana son shi, sai ta yarda.

"Kada ki ce tsoro ne ya rufe mini baki," in ji ta. "Aron bakin na ba mijina."

Na ce to uban yarinyar fa, bai yi magana ba?

Ya yi. Ya je gidan rediyon da ƙafarsa, aka tsare shi a ƙofa aka ce masa abin da jarida ta buga shi ne tarihi. Mai guga ba shi da wanda zai tsaya masa, sai ya dawo. Daga nan ya mayar da shagon Gwaggo wurin zuwansa. Duk tara ga Yuni zai sa rigarsa da ta sha guga har tana ƙyalli, ya zo ya zauna a bencin ƙofa, ya saurari shirin daga farko har ƙarshe. In waƙar ta ƙare sai ya ce, "'Yata, yau ma ke suka yi wa addu'a." Ta ce, "Na ji, Baba." Ya sayi maɓalli guda wanda ba ya bukata, ya tafi. Ni ma na san tsohon, na sha gaishe shi, na ɗauka cikin masu zaman kashe lokaci ne. Wata shekara bencin ya wuni ba kowa.

Abin ya ƙona mini rai. Gari guda yana yi wa rayayya addu'a shekara da shekaru, wadda ke kwance a ƙasa kuma ko sunanta ba a taɓa ambata ba. Gwaggo ba ta ce mini ta yafe ba, ba ta kuma ce ta manta ba. Ta ɗauki kwalbar maɓallinta ta ci gaba da warewa.

Mai gyaran agogo ya rasu a ƙarshen wata damina. Gwaggo ta yi masa kuka na gaske, ta yi takabarta ba ta leƙa ko ƙofa ba. Ranar da ta dawo shago ta share ƙura, ta kunna rediyo, ta bubbuga falanki ta ce, "Tela, mai aro ya tafi. Kaya sun dawo hannun mai su."

Na sha jinin jikina tun a lokacin, kuma ba ni kaɗai ba. Gwaggo tana da ɗa guda, Yayanmu Hedimasta, shugaban wata makarantar sakandare, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba wa ke kallo. Ba mugu ba ne, yana son uwarsa, amma mutunci a wurinsa kamar farar riga ne a ranar ruwa. Da maganar ta kai masa, ya ajiye mota nesa ya tako har shago, ya zauna a bencin mai guga bai sani ba.

"Mama, me za ki samu a ciki? Wanda ya mutu ya riga ya mutu."

"Gaskiya ne. Wanda bai mutu ba fa?"

"Ki duba matsayina mana. Iyayen yara, surukaina, malaman da ke ƙarƙashina. So kike ɗalibai su riƙa nuna ni suna cewa ga ɗan zabiya?"

"Da muryar nan na rarrashe ka lokacin da kake haƙori, unguwa ba ta barci saboda kai. Ban ji ka ce ta zubar maka da matsayi ba."

"Mama, don Allah."

"Ubanka ya roƙe ni, na yi masa, don mijina ne. Kai kuma ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Tashi ka tafi, za ka makara."

Ya juyo gare ni ya ce in sa baki. Na ce Yaya, ni allura na iya sawa.

Da waya ta fara. Ta kira lambar shirin, ta samu shiga, ta ce ita ce Kanarin faifai kuma ba ta mutu ba. Wata murya mai ladabi ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Mama," aka kashe. Ta sake kira, aka sake yi mata fatan lafiya. A karo na gaba ma ba a ɗauka ba.

Sai ta sake salo. Wata safiya ta zuba zare da allura da maɓalli a faranti, ta yafa mayafi, ta ce in kula mata da shago. Ta hau mota ta je ƙofar gidan rediyon, ta shimfiɗa kwali a gindin katanga ta zauna. Mai gadi ya kore ta, ta matsa taku kaɗan ta sake zama. Ya sake zuwa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kafin ka kore ni, zo in ɗinke maka aljihun nan, kana zubar da mutuncin kakin." Ya tsaya tana ɗinki yana kallon sama. Washegari shi ya fito mata da benci.

Gidan rediyo ashe cike yake da mutanen da ba su da mai sa musu maɓalli. Mai karanta labarai zif ya ɓalle, mai ɗaukar sauti hannun riga ya farke, direba wando ya tsage a inda ba a faɗa. Duk wanda ta yi wa aiki, in ta tsinke zare da haƙori sai ta ba shi saƙo iri ɗaya: "Ka gaya wa na ciki, wadda ta yi faifai ba ta mutu ba, wadda ta mutu kuma tana da suna." Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai su wuce. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ko gezau. Ni kuwa ina can ina fama da shago biyu, in cuci wannan da ruwan toka in ba waccan ruwan ƙasa, mata suna zagina. Na ce Gwaggo, ki ji tausayin ƙafafunki, kin ga yadda suka kumbura? Ta ce ƙafafun nata ne. Yaya Hedimasta ya daina bin titin gaba ɗaya, ya koma zagaye ta bayan kasuwa.

Ana saura 'yan kwanaki Yuni ya kama, sai furodusan shirin ya leƙo ya ga abin da zai ja masu sauraro. Aka fara talla safe da yamma: ku kasance da mu ranar tara ga wata, don jin tsohuwar da ta ce ita ce Kanari. Yadda suke jan kalmar "ta ce" ɗin nan ya isa ya gaya maka abin da suke nufi. Raina ya ɓaci. Na ce Gwaggo, abin kallo za su mayar da ke, so suke gari ya yi dariya.

"Na sani," ta ce. "Ƙofa dai ta buɗe. Ba ruwana da wanda ya buɗe ta ko don me. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Goge mini mayafina, ke za ki raka ni."

Ɗakin da suka shigar da mu ƙarami ne, bangonsa lulluɓe da soso, ba taga sai wani gilashi da ake hango mai kula da na'ura da furodusa a bayansa. Sanyin ciki har ƙashi. Mai gabatarwar, wanda muka yi shekaru muna jin muryarsa muna zaton wani ƙato ne, ashe ɗan siriri ne mai sanƙo da tabarau. Ya gaishe ta da ladabi, ya gyara mata abin ji a kunne a kan ɗankwali, ya nuna mata wata jar fitila a saman ƙofa.

"Mama, doka ɗaya ce a ɗakin nan. In wannan ta kama, kada a yi shiru. A rediyo ba abin da muke tsoro kamar shiru, mutane sai su ɗauka mun mutu su juya tasha. In magana ta ƙare miki, ko tari ne ki yi."

Gwaggo ta dubi fitilar ta ce, "To."

Ni da na san ta, wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Fitila ta kama. Mai gabatarwa ya jero na ranar kamar kullum, gidan silima, makaɗi wane, gasar rawa da fitilun motoci. Ya zo kan hatsarin, ya sauke murya, sai kuma ya ce amma yau muna da baƙuwa. Aka saka faifan, aka bar shi ya ɗan yi, aka rage. Gwaggo tana zaune hannu a kan cinya tana jin kanta tana yarinya, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"To Mama, masu sauraro suna jira. Ki ɗan yi mana baiti ɗaya, su ji da kunnensu su tabbatar."

"Ba zan yi ba."

Ya yi 'yar dariya irin ta aiki. "Ko kaɗan, Mama? Ai shi ne shaida."

"Ɗana, muryar da ke cikin faifan nan ta budurwa ce. Ni tsohuwa ce da haƙoran aro. In na yi, ku ce ba ni ba ce. In na ƙi, ku ce ba ni ba ce. Ku yarda ko kada ku yarda, ba roƙo na zo ba, kuma ba waƙa na zo yi muku ba. Na zo ne in gaya muku addu'ar da kuke aikowa duk shekara tana sauka a ƙofar da ba tata ba. Ni ina da rai, na gode, ku riƙe kayanku. Mai ita tana nan kwance tun ranar."

Sai ta faɗi sunan yarinyar. Ta faɗe shi a hankali, da sunan ubanta, ta ce mai guga ne a bayan tashar mota. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, yadda ake koya wa yaro karatu. Ta faɗi yadda riga da suna suke a ƙungiyar, cikin 'yan kalmomi, ba ta zagi kowa ba.

"Allahu akbar," in ji mai gabatarwa. "To bari mu saka mata waƙar..."

"Wace waƙa? Wannan tawa ce. Ita ba ku da muryarta, ba a taɓa ɗauka ba. Ku saka mata abin da aka bar mata. Ku yi shiru."

Ta miƙa hannu ta dafa wuyan hannunsa a kan tebur.

Na ga furodusa a bayan gilashi yana kaɗa hannuwa kamar wanda ƙudan zuma suka rufe. Mai gabatarwa ya buɗe baki. Ya dubi gilashin, ya dubi jar fitila, ya dubi tsohuwar da ke riƙe da shi, sai ya mayar da bakinsa ya rufe. Ban san tsawon shirun ba. Ni dai na ji hawaye yana bin gefen hancina, ban kuma yarda na ja majina ba don kada in ɓata mata. Can sai tallar sabulu ta fashe a kunnuwanmu, mai kula da na'ura ya ceci gidansu.

Ba su raka mu ƙofa ba. Mai gadi ne kaɗai ya miƙe tsaye da muka zo wucewa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce mahaukaciya ce, wasu suka ce neman suna take a bakin kabari, wasu tsofaffi kuma suka ce ai dama sun ga kama. Mata suka riƙa zuwa shago sayen zaren da ba sa bukata don su kalle ta. In wata ta ce ta ɗan rera mata, sai Gwaggo ta ce zare take sayarwa. Yaya Hedimasta ya ɗauke ƙafa, sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin matarsa. Abin ya dame ta, na sani, don na sha ganin ta ɗaga kai in mota irin tasa ta wuce. Amma ba ta aika a kira shi ba.

Wata rana da la'asar sai ga mai gabatarwa a ƙofar shago, riƙe da riga a leda wai maɓalli ya fita. Ni da nake tela na ga zaren, da almakashi aka yanke shi. Ya zauna a benci tana ɗinki.

"Mama, kin sa an ja mini kunne. An ce ban taɓa yin laifi irin na ranar ba."

"Shirun? Ni na yi shekaru ina yin sa, ba wanda ya ja mini kunne."

Ya yi murmushi, ya cire tabarau ya goge. "Rubutun shirin nan ba ni na yi ba. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake, kowace rana da shafinta. Furodusa ya ce ba a gyara tarihi da bakin mutum ɗaya."

"Rubutu nasu ne. Baki fa, na wa?"

Ya karɓi rigarsa ya yi godiya ya tafi, bai yi alkawarin komai ba. Na ce Gwaggo, wahalar banza kika sha ke nan. Ta ce, "In sun sake kashe ni baɗi, benci na nan, farantina na nan."

Ba ta koma bencin ba. Ƙafafun nan da suka kumbura ashe ba zama ba ne kawai, ciwon zuciya ne. Kafin shekara ta zagayo an kwantar da ita a asibiti, a ɗakin mata mai gadaje a jere. Ranar da aka kai ta Yaya Hedimasta ya zo a guje, ko hula babu, ya durƙusa a gefen gado ya kifa kai a kan katifa. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi, ɗalibanka za su gan ka." Daga ranar bai sake nisa da ita ba.

Da Yuni ya kama jikin ya tsananta. Likita ya kira mu gefe ya ce mu yi ta addu'a. Gwaggo ma tana tata, na ji ta da kunnena tana cewa, "Ya Allah, rai naka ne, ka karɓa ranar da ka so. Amma ina roƙonka, ban da tara ga wata. Ranar da mai ita." Na ce Gwaggo, har da Ubangiji za ki yi ciniki? Ta ce roƙo ne, kuma shi ba ya kashe waya.

An karɓa mata. A watan Yuli ta rasu, wata Laraba da ba ta cikin jerin kowa. Tara ga Yuni kuwa ta gan ta da idonta.

Da safen ta sa na kawo mata rediyonta daga shago. Hannunta ba ya iya riƙe komai, sai Yaya ya riƙe mata kusa da kunne. Matan sauran gadajen suka yi tsit, don duk sun san ko wace ce. Muryar ɗan siririn nan ta fito, ya jero nasa, gidan silima, makaɗi wane, fitilun motoci. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan ce mata in sun sake. Ya sauke murya. Ya ce a rana irin ta yau ne motar ƙungiyar Mai Jita ta ƙwace a hanya, aka rasa shi, aka rasa mai gangarsa. Ya ɗan ja numfashi. Sai ya faɗi sunan yarinyar, da sunan ubanta mai guga, ya ce ita ce a cikin rigar Kanari ranar, kuma ba mu da muryarta. Allah ya jiƙanta.

Faifai bai biyo baya ba. Ba abin da ya biyo baya.

Yaya ya ɗauka batir ne ya goce. Ya fara jijjiga rediyon yana taɓa igiyar roba. Gwaggo, wadda ta kwana biyu ba ta iya ɗaga cokali, ta ɗaga hannu ta make masa yatsu.

"Bar shi," ta ce. "Ita ce ke waƙa."

Yaya ya riƙe rediyon da hannu biyu, bai sake motsi ba.